Ba Lokacin Zuwa Teku Ba Ne

Shafi na 17

Ranar Asabar ce, ranar da Mai Awo yake sauko da akwati.

Sau biyu a shekara yake wannan aiki, kuma bai taɓa saɓa lokaci ba. Shekara talatin da huɗu ya yi a ofishin duba yanayi, yana leƙa kwalbar awon ruwan sama da ƙarfe tara na safe, yana rubuta abin da ya gani a babban littafi. A can ya samo sunan da har surukansa suke kiransa da shi a bayan idonsa. Da ya yi ritaya ya rasa abin aunawa, sai ya tattara hankalinsa kan alkawarin da ya yi wa matarsa tun suna ango da amarya: zai kai ta birnin bakin teku inda aka haife ta, wanda rabonta da shi tun tana 'yar shekara shida.

Tafiyar ba ta yiwu ba tukuna. Amma akwatin, in za a faɗi gaskiya, ba shi da laifin kowa. Kullum a shirye yake.

Ya ɗora shi a kan gado, ya share ƙurar marfin da tsumma, ya zaro takardar da ke maƙale a ciki. Autarsu, wadda take koyarwa a wata makaranta a bayan gari, ta zo yini, tana tsaye a bakin ƙofa ta harɗe hannuwa.

"Auta, zo ki karanta, ni in duba."

Ta karɓi takardar. Ta san ta kamar karatun yara.

"Lema biyu."

"Akwai."

"Baba, lemar nan ta fi ni daɗewa a gidan nan."

"Ta kuma fi ki jin magana. Ci gaba."

"Takalmin roba, naka da na Inna."

"Akwai. Can in ruwa ya sauka titi kogi yake komawa. Takalmin fata kuwa kwana biyu ya yi funfuna."

"Riguna marasa nauyi."

"Na auduga. Garin gumi ne, mutum yana zaune yana jiƙewa."

"Rigar sanyi ɗaya."

"Saboda iskar teku da la'asar. Ita ce ke kwantar da baƙo."

"Maganin sauro. Kafur. Ledar takardu. Tocila." Ta ninke takardar. "Yaya ya sake bugo mini waya jiya."

Mai Awo bai ɗago ba. Babban ɗansu shekara tara ke nan yana aiki a tashar jiragen ruwa ta wancan birni, kuma tun shekarar farko ya ware wa iyayensa ɗaki, har da labule.

"Na riga na ba shi amsa."

"Ya ce in sake tambaya."

"To ki sake ji. Yanzu can damina ta kama. Wata huɗu ruwa ba ya ɗaga ƙafa. Sai ya ɗan huta kwana goma sha, hutun da mai hankali ba ya yarda da shi, sai ya dawo da ƙarfinsa. Lokacin zuwa ɗaya ne: sati ukun nan na bayan ɗaukewar ruwa. Sama ta washe, zafi bai taso ba, teku ta kwanta. Wata bakwai nan gaba. Ba yanzu ba."

"Bara fa?"

"Bara ruwa ya yi jinkirin ɗaukewa."

"Bara waccan?"

"Zafi ya riga lokacinsa."

"Wadda ta gabace ta?"

"An yi hasashen guguwa."

"Ta zo?"

"Ba ta zo ba. Amma an yi hasashenta." Ya gyara tabarau. "Da muguwar rawa gara ƙin tashi."

"Da babu kuma gara ba daɗi, Baba."

A ra'ayinsa, karin magana a bakin yaro kamar reza ce a hannun jariri.

Ya shiga fito da zannuwan Inna ɗaya bayan ɗaya don su sha iska. Ita ta ninke su da hannunta watan jiya. Yana warware na farko sai yatsansa ya ci karo da wani abu a bakin lafin. Ya kai shi kusa da taga.

Ƙulli ne na zare, ƙarami, mai tauri kamar ƙwayar gero.

"Wane ne ya yi wannan aikin ganganci?"

Ya juya ga Auta.

"Innarki shekara arba'in tana kan keke. Matan unguwar nan kaf ita ta yi musu ɗinkin aure. Ban taɓa ganin ta bar ƙulli a waje ba."

Ya ɗauko na biyu. Ƙulli biyu, a jere. Na uku, ƙulli ɗaya. Na huɗu, uku.

Wani mutum da sai ya yi tsaki ya wuce. Amma wanda ya yi shekara talatin da huɗu yana cika littafi ba ya ganin alama ta maimaita kanta ya ƙyale. Ya ture akwatin gefe, ya jera zannuwan a kan gado. Masu ƙulli ɗaya a dama. Masu biyu a tsakiya. Masu uku a hagu. Sa'an nan ya ja da baya ya duba.

Na dama duka shuɗaye ne.

Na tsakiya duka koraye.

Na hagu masu ruwan ƙasa.

"Wannan ba kuskure ba ne," ya ce a hankali. "Wannan rajista ce."

"Baba…"

"Dakata." Ya ɗauko kallabi, ya laluba gefensa. Ƙulli biyu. Kore. Ya ajiye shi a tsakiya da kansa, kamar mai mayar da fayil mazauninsa. "Auta, wane ne yake bukatar yatsa ya gaya masa launin zanensa?"

Ta rufe ƙofar ɗakin. Ta jingina da ita.

"Ta rantsar da ni."

"Ban tambaye ki rantsuwa ba."

"Hawan jinin ido ne. Na hagu ya tafi tun bara. Ba ya ganin ko fitila."

"Na dama fa?"

"Likita ya ce kamar mai leƙe ta ramin makulli. Kullum ramin yana ƙara tsukewa."

Mai Awo ya zauna a bakin gado, a kan korayen, bai sani ba.

"Wane likita? Yaushe ta je wurin likita?"

"Ranakun da muke cewa za mu kasuwa sayen zare."

"Ta daina ɗinki tun bara. Ta ce bayanta ke ciwo."

"To ka taɓa tambaya me mai ciwon baya take yi da zare duk wata?"

Bai taɓa ba. Abubuwa suka riƙa zuwa masa a jere, kowanne da ranarsa, domin kansa ba ya ajiye abu ba kwanan wata. Ranar da ta zuba masa shayi rabi a kofi rabi a faranti, ya yi mata wa'azin gaggawa. Ranar da ta gaishe da mai gyaran famfo da sunan ƙanensa. Da kuma baƙin layin nan da ya bi bangon soro daga ƙofar ɗaki har kicin, daidai tsayin hannun mace. Shi da kansa ya sayo fenti ya shafe shi. Har sau biyu. Yana mitar cewa mutanen gidan nan ba su san darajar bango ba.

"Akwai magani?"

"Akwai na ɗigawa. Yana rage gudu ne kawai. Abin da ya tafi ya tafi."

"Nawa ya rage?"

"Ya ce ba ya sa wa ikon Allah rana."

"Na san likitoci. In an matsa musu suna faɗi. Kin matsa?"

"Na matsa."

"To?"

"Ya ce in tana da abin da take so ta gani, kada a kai wata shida."

"Yaushe ya faɗi haka?"

Auta ta dubi ƙasa.

"Yaushe, Auta?"

"Wata biyar da sati biyu ke nan."

Ba ya bukatar kalanda. Wata biyar baya shi ne ƙarshen daminar bara. Ya tuna ranar sarai. Akwatin nan yana bakin ƙofa, an ma ɗaure shi da igiya. Ya saurari rahoton safe a rediyo, ya kashe, ya ce ruwa bai gama ɗaukewa ba, a bari sai baɗi.

"Ranar da na ce a kwance akwati… ta sani?"

"Kwana tara kafin nan."

"Me ta ce? Na manta me ta ce."

"Ba ka manta ba, Baba. Ba ka manta komai."

Gaskiya ne. Cewa ta yi, Allah ya kai mu. Sa'an nan ta tambaye shi ko a ɗora masa ruwan wanka.

"Me ya hana ta faɗa mini?"

"Na roƙe ta har da kuka. Ta ce shekara arba'in da ɗaya kana nema mata rana mai kyau. Ba za ta sa ka kai ta a rana mara kyau don tausayi ba."

"Maganar banza."

"Na gaya mata haka. Ta ce ai zama ya yi zama, dole ta koyi wani abu a wurinka."

Ya so ya tsawata mata. Sai ta riga shi magana.

"Baba, ni ma ina da tambaya." Ta matso, ta durƙusa a gabansa kamar lokacin da take ƙarama. "Ba rashin hali ba ne. Ba rashin masauki ba ne. Kwana biyu ne a mota. Mutane suna zuwa garin nan da ruwa da rana, suna dawowa da ransu. Mene ne?"

"Na gaya miki. Yanayi."

"Wannan na rediyo ne. Ina son na cikinka."

Ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi da bakin riga, ko da yake babu abin da ya same shi.

"Na taɓa zuwa," ya ce.

"Ina?"

"Can. Kafin a haife ki. Ofis suka tura mu kwas na kwana goma. Na ce mata wani gari aka tura mu."

Auta ta saki baki.

"Tsakiyar damina ce. Ranar ƙarshe na ce bari in je in gano mata wurin, in san inda zan tsayar da ita. Kin san yadda take ba da labarinsa. Ruwa shuɗi har ƙarshen ido. Yashi fari. Babanta ya ɗora ta a wuya."

"Na sani. Da shi ta yi mana reno."

"Abin da na tarar launin shayi ne da aka tsuga wa ruwa. Duk dattin kwatocin garin ya gangara ciki. Robobi, tsummoki, da mushen akuya yana juyi. Sama toka, ruwa toka, ba ki san inda ɗaya ya ƙare ba. Na tsaya a cikin ruwan sama kamar wawa. Na ce wannan zan kawo ta ta gani? Abu ɗaya ta taho da shi daga gidan ubanta, ni kuma in kai ta in kashe mata shi?"

"Shi ne ka…"

"Wani mai kwale-kwale ya ce mini in dawo bayan ɗaukewar ruwa. Ya ce akwai sati uku da teku takan yi kyau. Na riƙe maganar. Amma duk shekara in lokacin ya matso, sai in ce, in kuma bana ba ta washe ba fa? In mun je mun tarar da shayin nan fa?" Ya mayar da tabarau. "Mai neman dalili a sama ba ya rasawa, Auta. Ni kuwa sana'ata ce."

Auta ta miƙe ta buɗe masa ƙofa.

Ya bi bangon soro. Fentin da ya shafa watan jiya har ya fara yin duhu a wuri guda.

Inna tana zaune a baranda kan kujerarta, kusa da keken ɗinkin da aka lulluɓe da tsohon zanen gado. Hannayenta suna kan cinya, babban yatsa yana shafa bakin zanen da ke jikinta. Ƙarfe ɗaya ta wuce. Rana ta take, siminti yana tururi, ko kaji sun shige ƙarƙashin tanki.

Ba ta juyo ba sai da ya ja kujera.

"Malam, an gama duba sojoji? Lema ba ta gudu ba?"

"Innar yara."

"Na'am."

"Gobe za mu tafi."

"Ina?"

"Kin sani."

Yatsan ya tsaya.

"A damina? Kai?" Ta yi 'yar dariya. "A kira mini maƙwabta su shaida. Wa ya mutu?"

"Babu wanda ya mutu."

"To Auta ta yi surutu. Tun tana goye bakinta ba ya riƙe ruwa."

"Ba ita ba ce. Ƙullinki ne. Ɗaya shuɗi, biyu kore, uku ruwan ƙasa."



"Huɗu fari ne," ta ce. "Suna ƙasan akwati, ba ka kai ba. Ashe dai kana gani. Na ɗauka sai abu ya faɗo daga sama kake lura da shi."

"Me ya sa kika yi mini haka?"

"Ni na yi maka?"

Ya dubi hannayensa.

"Akwai abin da ban gaya miki ba," ya ce. "Shekarar kwas ɗin nan…"

"Ka je bakin teku."

Ya ɗago da sauri.

"Ni na wanke kayanka da ka dawo, Malam. Yashi cike da naɗin wandonka, rigarka tana warin gishiri. Garin da ka ce ka je ko rafi babu."

"Shekara talatin kina sane?"

"Da biyu. Na ga ka dawo fuska a murtuke, ka daina tambayata labarin teku, ka sayo littafin rubuta iska. Na ce bawan Allah ya ga abin da bai yi masa daɗi ba."

"Ba shuɗiya ba ce, Innar yara. Ba yadda kike faɗa ba. Yanzu ma da za mu je, launin…"

"To sai me? Kana tsammani launi zan je nema? Shuɗi na ɗinka shi ya fi dubu. Yana nan cikin kaina, ba mai ƙwace shi, ko likita." Ta juyo da fuskarta wajensa, ta ɗan zarce kafaɗarsa kaɗan. "Ni abin da nake so in sake gani, ruwan da ba shi da tsallake. Duk ruwan da na gani tun da aka ɗauko ni, in na duba sai in hango ƙasa a wancan gefen. Wannan kawai. Ko launin toka ne, a kai ni in duba in rasa gefe."

Mai Awo ya yi abin da ya iya. Ya shiga tsara tafiya.

"Motar farko ƙarfe shida. Mu kwana a hanya, jibi da la'asar muna can. Zan sa yaron ya tare mu a tasha. Ba za mu sauka gida ba, kai tsaye bakin ruwa. Takalmin roba a sama za a sa, kada a yi ta tono. Lema a hannu. Maganin ɗigawarki a jakata…"

"Rigar sanyi fa?"

"Tana ciki."

"Saboda iskar la'asar."

"Ita ce ke kwantar da baƙo."

Ta yi murmushi. Auta, daga bakin soro, ta toshe baki da mayafi.

"To Alhamdu lillahi," in ji Inna. "Auta, ki cire mini mai ƙulli ɗaya, shi zan ɗaura." Ta ɗaga kai wajen tsakar gida, ta ƙifta ido. Ta sake ƙiftawa. Ta kai hannu ta murza na dama. "Ikon Allah. Ka ga abin da bakinka ya jawo, Malam. Daga cewa za a tafi."

"Me?"

"Hadari mana. Dubi yadda gari ya rufe lokaci ɗaya. Auta, kwashe shanyar nan kafin ya sauko."

Babu wanda ya motsa.

Mai Awo ya ɗaga kai. Sama fes, daga wannan katanga zuwa waccan, babu gajimare ko na rantsuwa. Rana tana dukan fuskar matarsa sosai, ita kuwa ko runtsawa ba ta yi.

"Malam? Kai ne masani. Hadari ne ko?"

Shekara talatin da huɗu bai taɓa ƙara ɗigo ɗaya a kan abin da ya gani a kwalba ba. An taɓa hana shi ƙarin girma a kan haka.

"Hadari ne," ya ce.

"Daga gabas?"

"Daga gabas."

Ta gyaɗa kai, ta koma ta jingina. Sa'an nan a hankali ta miƙa hannu waje da baranda, ta buɗe tafinta a cikin rana. Ta bar shi a nan.

"Malam."

"Na'am."

"To ina iskarsa?"